Sunayen Gidimuni a Baƙar Taga

Damagaram, unguwar Kara-Kara
Asabar, 14 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Rashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Lubna da ɗalibanka. Mu nan lafiya, sai zafi. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum da la'asar, yana watsewa.

Na zaɓi in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in aiko maka, yadda ka koya mini, don in na yi magana a tarho duk tsakar gida na ji. Ka yi haƙuri da hannuna. Ka san da furfura na shiga aji.

Maganar yayarka ce. Wata na uku ke nan tana istaj, wato koyon aiki, a ƙungiyar nan mai taimakon manoma, kuma a ɗakina take aiki don ya fi nata iska. Tana buɗe odinatar, kwamfutar nan mai marfi, a kan ƙaramin tebur, sai wata baƙar taga ta fito, babu hoto babu ado, sai farin rubutu da wani ɗan layi mai ƙiftawa yana jira. Ta ce sunan abin tarminal. Na tambaye ta ina aikin yake, ta ce ba a nan yake ba, yana cikin wani babban inji a Yamai. Ta wannan tagar take leƙa shi, ta rubuta masa umarni ya yi, ya ba ta amsa. Na ce to injin Yamai ya fi wasu ƴaƴan jin magana.

Shekaranjiya Alhamis da hantsi ta sa shi wani babban aiki. Sunayen gidajen da za a ba iri kafin shuka ne, na Zermu da Gidimuni da kewaye, sama da dubu huɗu, za a kwashe su daga tsohon rajista zuwa sabo. Ta ce awa huɗu zai ɗauka. Sunaye suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya suna hawa sama a hankali. Sai ta duba kwalin maganina na hawan jini ta ga saura ƙwaya ɗaya, ta yafa mayafi ta tafi farmasi. Ta tarar da layi, ba ta dawo ba sai wajen sha biyu da rabi.

Ko da ta dawo sunayen sun tsaya. Ta ajiye maganin a ƙasa, ta zauna, ta yi ta buga maɓallai da sauri, sannan ta janye hannunta ta zuba wa tagar ido. Ba a jima ba shugabarsu Madam Aliya ta kira daga Yamai. Da faransanci suka yi magana, abin da na kama kawai shi ne yayarka tana ta cewa rezo, rezo. Daga baya na ji tana gaya wa wata ƙawarta cewa aikin ya katse a tsakiya, rabin sunayen suna sabon rajista, rabi suna tsoho, wasu sun cakuɗe har ba a san gidan da aka ƙirga sau biyu da wanda aka tsallake ba. Motocin da za su ɗauki iri ran Litinin an ce su dakata.

Tun ranar ba ta cin abinci sai kunu. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na ƙona tuwo, abin da ban yi ba tun ina amarya.

Tambaya ɗaya nake so in yi maka, kai da ka yi karatu. In aka rufe marfin odinatar na ɗan lokaci, aka sake buɗewa, ba a taɓa ko maɓalli ɗaya ba, hakan yana iya taɓa aikin da ake yi can Yamai? Ni a ganina abin da ke Yamai yana Yamai. Tambaya ce kawai. Kada ka gaya mata na tambaya.

Ka amsa mini yau in da hali. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Rakiya Gambo

*

Yamai
Lahadi, 15 ga Yuni

Inna,

Wa alaikumus salam. Mun gaishe ki, ni da Lubna. Hannunki ya fi na rabin ƴan ajina kyau, ki daina ba ni haƙuri.

Amsar tambayarki, e, yana taɓawa. Ki ɗauka injin Yamai rijiya ce, Yaya Lubabatu kuma tana bakin rijiyar riƙe da igiya, guga cike da ruwa yana tsakiyar hanya. In aka rufe marfi, odinatar barci yake yi, hannun da ke riƙe da igiyar ya saki ke nan. Ko an buɗe bayan minti biyu, guga ya riga ya koma ƙasa.

Yaya ta kira ni jiya, kuma akwai abin da ba ta gaya miki ba don kada jininki ya hau. An kira ta Yamai. Ran Laraba da ƙarfe goma na safe za ta zauna gaban Madam Aliya, gobe Litinin za ta shigo kar, babbar motar fasinja. Injin nan ba ya mantuwa, Inna, duk wanda ya shiga da lokacin da ya fita yana rubutawa. Ya nuna layinta ya yanke gab da sha biyu saura minti ashirin. Ita ta ce rezo ne, wato layin sadarwa, ya ɗauke, kuma haka ta zata. Amma akwai wani abokin aikinsu, Salisu, can Damagaram, rezo ɗaya suke amfani da shi, shi kuma yini guda yana cikin injin bai yanke ko sau ɗaya ba. Don haka Madam take ganin Yaya ce ta rufe abinta ta tafi yawo, sannan ta ɗora wa rezo. An ce matar tana yafe kuskure, amma ba ta aiki da wanda ta kama da ƙarya. Ƙarshen watan nan istaj ɗin zai ƙare, kuma ran Laraba za a san ko za a ɗauke ta ko a sallame ta.

Shekara biyu Yaya ta yi tana zaga birori, daga wannan ofis zuwa wancan, da takardunta kafin ta samu wannan. Ke kin fi ni sani, ke ce kike goge mata mayafi duk ranar da za ta fita.

Ni kuma ina da tawa tambayar, kuma tawa ba tambaya ce kawai ba. Inna, wa ya rufe?

Ki sha maganinki kafin ki amsa.

Ɗanki,
Rashid

*

Damagaram
Litinin, 16 ga Yuni

Rashid,

Bayan gaisuwa. Yayarka ta tafi, na raka ta har bakin titi. Yanzu gidan babu kowa sai ni, zan iya rubutawa.

Ni na rufe.

Bayan fitarta na zauna kusa da tebur ina tsince shinkafa. Ka san halina, tun da na iya haɗa baƙi ba na ganin rubutu in ƙyale shi, ko a jikin buhun siminti ne. Na shiga bin sunayen da ido. Da yawa suna haurawa kafin in gama haɗa su. Sai na ga an shiga Gidimuni, garin da aka haife ni, na matso da kujera. Can sai ga wani suna da ba na bukatar haɗawa. Dodo Gambo, Gidimuni, mutum goma sha ɗaya. Kawunku, yayana uwa ɗaya uba ɗaya.

Kai ba ka yi noma ba, bari in gaya maka ko wane rajista ne wannan. Na gidajen da yunwa ta sa suka cinye irin da suka ajiye ne. Manomi ya gwammace a ce ya yi sata da a ce ya ci irinsa. Dodo da ke da garka a bakin tafki, Dodo da ya aiko mini damin rake da dabino da Sallar nan, da saƙon cewa komai lafiya. Ashe rumbunsa ƙasa ce kawai a ciki.

Ina cikin wannan sai na ji sallamar Barira, maƙwabciyarmu, wadda ƴarta ke aure a Gidimuni. Ka san ta. In ta ji magana da hantsi, kafin la'asar ta isa bakin tafki. Kuma ita tun tana yarinya ta yi lakwal, karatu a wurinta kamar shan ruwa ne.

Ta ɗaga labule ta ce, "Rakiya, wai har yanzu boko bai sake ki ba? Me kike karantawa baki buɗe haka?"

Na ce, "Aikin yarinya ne."

Ta ce, "Na masu iri ne ko? Tsaya in sa tabarau, in ga ko surukaina sun shiga, masu cika bakin nan."

Tana laluben tabarau a jaka, sunan Dodo yana tsakiyar tagar, bai kai sama ba. Ban yi tunanin Yamai ba, ban yi tunanin komai ba. Na miƙa hannu na rufe marfin, na ɗora faifai a kai.

Ta ce, "To, sai ka ce na zo satar amsar jarrabawa."

Na ce, "Ƙura nake tsoro."

Ta ce, "Ƙurar da ta shigo da tabarau ko?" Ta yi dariya ta zauna, ta kusa rabin awa tana ba ni labarin gwiwarta da na bikin jikarta. Tana fita na buɗe. Sunan Dodo yana nan inda na bar shi, ƙasa kuma wani layi da ban gane ba. Na jira wani suna ya fito, bai fito ba. Na ce a raina ko hutawa yake.

Za ka ce me ya hana ni gaya mata. Sau uku na tsaya bakin ƙofarta. Ƴar fari ce, Rashid. Shekara ashirin da takwas ban kira sunanta ba, ban zauna na dubi idonta mun yi doguwar magana ba, haka aka rene mu. Yau kuma in fara da cewa ni na karya miki aiki? Da safen nan na dama mata fura na ce Allah ya kiyaye hanya, bakina bai ba ni fiye da haka ba.

Hoto na biyu da zan aiko takarda ce zuwa ga Madam Aliya. Da Hausa na rubuta, na ji an ce ƴar Maraɗi ce, za ta gane. Na faɗi komai a ciki. Ka fitar da ita a takarda ka kai biro da hannunka kafin Laraba. Ban iya zama, ban iya kwanciya, na share tsakar gida sau biyu tun safe.

Mahaifiyarka

*

Yamai
Talata da safe, 17 ga Yuni

Inna,

Gaisuwa. Yaya ta iso lafiya, tana wurinmu. Ba ta magana sosai.

Na karanta duka biyun. Ban ga laifinki ba, ni ma da ina wurin da wataƙila na jefa wa abin bargo. Amma takardar Madam ba zan kai ba, ki saurare ni.

A dokar aikinsu sunayen nan amana ne. Ba a yarda ma'aikaci ya bar su a buɗe gaban kowa ba, ko uwarsa ce. Takardarki za ta wanke Yaya daga ƙarya, amma za ta shaida cewa ta fita ta bar asirin gida dubu huɗu a kan tebur, ke kina karantawa, maƙwabciya tana neman tabarau. Wannan ya isa kora shi kaɗai. In aka yi shiru, wataƙila Madam ta ce abin bai tabbata ba ta ƙyale. Sannan kin rubuta sunan Kawu Dodo a ciki ɓaro-ɓaro. Abin da kika ɓoye wa Barira za ki miƙa wa biro guda.

Ki bar Yaya ta yi wa kanta magana. Ke ki yi addu'a, ita ce aikinki. Kuma ki bar tsakar gidan nan haka, kada ki share har ki kai ga ruwa.

Ɗanki,
Rashid

*

Damagaram
Talata da azahar

Rashid,

Na ji. A kan sunan kawunka ka yi gaskiya, na sake rubutawa, na ce wani ɗan'uwana. Ga sabon hoton nan.

Sauran ban yarda ba. Barin abu a buɗe kuskure ne, ta yi shi, kuma wanda ya yi kuskure yana koyo. Ƙarya ba ta yi ba. In aka sallame ta da sunan maƙaryaciya, sunan zai riga ta isa kowane biro a ƙasar nan. In ma aka riƙe ta ana zarginta, kullum da ido ɗaya za a dube ta. Gara a hukunta ta kan abin da ta yi.

Na san ina iya zama sanadin korarta sau biyu. Na yi ta juya wannan tun da na karanta takardarka, har na fita ba takalmi zuwa bakin famfo ban san me na je yi ba.

Tun kana yaro ban taɓa aikenka ka ƙi ba. Ka kai yau kafin a tashi daga aiki.

Mahaifiyarka

*

Yamai
Alhamis, 19 ga Yuni

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata jikinki da sauƙi kuma kina shan magani kan lokaci. Ban taɓa rubuta miki takarda ba. Rashid ya ce ta nan kika fi jin magana, kuma ina ganin ni ma ta nan zan fi iya yi.

Inna, tun ran Juma'a na sani. Odinatar ɗina ma yana rubuta abin da ya same shi. Da na duba na ga an rufe shi sha biyu saura ashirin da biyu, an buɗe sha biyu da minti huɗu, kuma ke kaɗai na bari a ɗakin. Dalili ne ban sani ba. Na ji takunki a bakin ƙofata, na yi kamar ina barci, don ban san yadda zan dube ki kina ba ni haƙuri ba.

Laifin nawa ne tun farko. Akwai yadda ake sa injin Yamai aiki ya ci gaba da kansa ko da layi ya yanke, umarni ɗaya ne gajere, na san shi, sauri ya sa ban rubuta ba. Akwai kuma yadda ake kulle tagar kafin a tashi. Shi ma ban yi ba.

Jiya na faɗa wa Madam haka. Na ce ran Alhamis na zata rezo ne, daga baya na gane marfi aka rufe a gida, kuma na ɗauki nauyin.

Ta ce, "Ke kika rufe?"

Na ce, "A gidanmu aka rufe."

Ta ce, "Ba gidanku na tambaya ba. Mako guda ina jin rezo, yau kuma gida. Gobe aljani ne?"

Ta bar ni a tsaye har na fara jin ƙafafuna. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da takarda, na ga hannunki. Ban san Rashid ya kawo ba, da na sani da na hana shi.

Ta ce, "Wannan tsohuwar a ina ta yi karatu?"

Na ce, "Makarantar yaƙi da jahilci, tana da shekara arba'in da shida."

Ta ce, "To ta fi ki sanin aikin nan. Ita ta san ba a barin sunayen mutane a buɗe. Ke da diflom ɗinki sai da aka rufe miki."

Ta ce ta yarda ban yi ƙarya ba. An maido da rajista daga kwafin da aka ajiye kafin aikin, ni da Salisu muna sake kwashewa, jibi motoci za su tashi. Sun makara da kwana biyar, kuma an yi ruwan shuka a Zermu ran Talata. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi. Sunan da kika gani yana ciki, za a ba shi rabonsa, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

Ga hukuncin. Ta karɓe mini izinin shiga injin daga nesa, ba zan ƙara aiki daga gida ba. In ina son aikin, akwai kwantara ta shekara biyu, amma a biron Yamai, a gaban idonta. In ban sa hannu ba zuwa gobe Juma'a da ƙarfe sha biyu, istaj ɗina ya ƙare ƙarshen wata, za ta ba ni takardar shaida mai kyau in koma gida.

Tun rasuwar Baba ni da ke ne a gidan nan. Ina tunanin wanda zai duba kwalin maganinki, da wanda zai ji in kin faɗi a bayi kamar bara. Rashid ya ce ki dawo Yamai, na ce masa ba za ki bar ɗakin Baba ba, kuma na san ban yi kuskure ba. Ban yanke komai ba. In kin ce in dawo, zan shigo kar ta Asabar, kuma ba zan taɓa tuna miki ba.

Ina jiran maganarki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ƴarki,
Lubabatu

*

Damagaram
Juma'a bayan sallar asuba

Zuwa ga yayar Rashid,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki sau huɗu. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa Madam da alheri.

Ki sa hannu.

Ƙirga ƙwayar magani na iya, hanyar farmasi na sani. Na yi magana da matar maƙwabcinmu Malam Yakuba, za ta riƙa leƙo ni safe da yamma. Kayanki zan haɗa in ba kar ta Lahadi, da soyayyen naman layya da na ajiye miki, ki raba da Lubna.

Ba zan ce miki zai yi mini sauƙi ba. Na rubuta takarda biyu kafin wannan, a cikinsu duka na ce ki dawo, na yaga su. Don haka kada ki jira sha biyu. Ki je ana buɗe biro ki sa hannu, kuma kada ki kira ni sai kin sa, don in na ji muryarki ban san abin da bakina zai ce ba.

Allah ya tsare.

Mahaifiyarki,
Rakiya Gambo